Farantin Alhaji da Tsohuwar Waya

Shekarata saba'in da shida bana, kuma abin da zan faɗa ya auku ne bazara uku da sunka wuce, lokacin da nake riƙe da shugabancin reshen ƙungiyar manoma da makiyaya na garinmu, Filinge. Kafin nan na yi shekara talatin da ɗaya a gidan waya, na faro daga mai buga hatimi har na kai resebar, wato shugaban gidan baki ɗaya. Na ambaci wannan ne saboda ƴan zamani, waɗanda ke zaton saƙo bai taɓa barin wani gari ya isa wani ba sai ranar da anka haife su.

Buron namu, wato ofishin reshen, ɗaki biyu ne da rumfa, daura da kasuwar dabbobi. A ɗakin ciki akwai wata baƙar na'ura mai tsayin gwiwar mutum, wadda ma'aikata ke kira serber. Cikinta anka aje sunayen ƴan ƙungiya da garkunansu, kuma ita ke aika su zuwa uwar ƙungiya a Yamai, ta wata tsohuwar waya da ta ratso katanga ta shiga wani ɗan akwati mai toka-toka, tun kafin a ba ni kujerar. Wayar nan ba ta san gaggawa ba. Sakatarenmu, magidanci mai furfura a gemu, yakan danna aikawa, ya fita ya yi alwala, ya sha shayi kofi uku, ya dawo ya tarar an kai rabi. Amma tana kaiwa, kuma ban taɓa jin ta yi wa kowa alfahari da hakan ba.

Kowace shekara kafin ruwan farko uwar ƙungiya kan aiko da allurar rigakafin shanu. Ƙa'idar waccan shekara ita ce, reshen da jerin garkunansa ya isa Yamai kafin la'asar ɗin wata Alhamis, shi za a loda wa rabonsa a kamiyon Juma'a, wato babbar motar kaya, ya iso Asabar. Wanda ya makara sai zagaye na biyu, bayan damina ta zauna, lokacin da shanun sun riga sun wuce Abala sun nutsa arewa, inda ba mai bin su da allura. Akwai wani Ardo daga wajen Tondikandiya, sa'ana a shekaru, wanda ciwon huhu ya yi wa ɓarna a garke shekarar da ta gabata. Ciyawa ta ƙare masa a dallol, babban kwarin da ya ratsa ƙasarmu, yana son tashi da wuri. Ni na tare shi a gaban mutanensa na ce ya dakata har waccan Asabar, allura na zuwa. Bai tambaye ni takarda ba. Ya ce to, ya sauke kayansa bakin rijiya.

Ana saura kwana huɗu ga wa'adin, alheri ya faɗo mana.

Wani Alhaji ɗan garinmu, wanda Allah ya buɗa wa a fatauci can Kwatano, ya zo ganin gida, ya dubi halin da wayarmu ke ciki, tausayi ya kama shi. Ya sayo mana farantin tauraron ɗan Adam, fari fat, ya taho da mai haɗawa tun daga Yamai. Ya kuma zaɓi ranar Lahadi, ranar kasuwa, don kada alherin ya wuce ba shaidu. Anka shimfiɗa tabarmi, anka yi addu'a, anka hau rufi anka kafa farantin yana kallon sama kamar mai jiran a ba shi amsa.

Wanda ba ɗan ƙasarmu ta Kurfai ba ne ba lalle ya gane abin da ya biyo baya ba, don haka zan bayyana. A wurinmu, in mutum ya ba ka riga, ita za ka sa Juma'ar nan, ka kuma bi ta ƙofar gidansa. In ya ba ka tabarma, a kanta za ka zaunar da shi in ya zo, tsohuwar kuwa ka naɗe ka kai ciki, don kada ya ga kamar kana gwada tasa da wata. Haka munka tarar, haka kuma na yi. Tun da safe na sa anka tura ɗan akwatin tsohuwar waya can bayan kabad ɗin dosiyoyi, wato takardun ƙungiya, inda idon baƙo ba zai kai ba.

Da mai haɗawar ya gama, sai ya leƙo daga ɗakin ciki, ya yi tambaya da ƙarfi, Alhaji na zaune dama da ni, rumfa cike da jama'a.

"Baba, yanzu na'urar ƙofa biyu gare ta. Wace za ta zama ta gaba?"

Ban yi jinkirin ƙiftawar ido ba. Na ce, "Wannan ma abin tambaya ne? Ta Alhaji."

Anka yi kabbara. Mutumin ya koma ciki ya taɓa abin da zai taɓa, ya ci tuwonsa, ya kama motar la'asar. Ni kuwa na koma gida ina jin na fitar da garinmu kunya.

Ranar Litinin sakatare ya gama haɗa jerin garkuna, ya danna aikawa, bai ma tashi yin alwala ba, tunda yanzu mun zama mutanen gaggawa. Na'urar ta yi ta juya wani ɗan zobe a fuskar allo, ta juya, ta juya, daga bisani ta ce ba a amsa ba. Ya sake, ta sake. Abin mamaki, duk wani abu da ba shi da amfani yana shigowa kamar ruwan kwarin dallol. A ƙarƙashin rumfa rabin garin ya gano ashe tun da can yana ƙaunar ƙungiyar manoma da makiyaya. Mahauta, masu kabu-kabu, dillalan awaki, kowa da wayarsa a hannu ana kallon kokawa, ana shi wa Alhaji albarka. Mutum na iya ganin yadda anka kada wani a wata ƙasa tun kafin ƙura ta kwanta, amma sunan saniya ɗaya ya kasa isa Yamai.

Na kira uwar ƙungiya da kaina. Wata murya mai sanyi, ta mutumin da ke zaune ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, ta ce wajensu komai lafiya lau, sauran rassa duk sun aiko, kuma ba su ga alamar Filinge ta ko ƙwanƙwasa ba. Na tambaya ko za su karɓi jerin ta bakina, in karanto masu. Muryar ta ce tsarin bai yarda ba. Na tambaya me tsarin ya yarda da shi. Ta ce in rubuto koke. Na ce ta wace hanya? Ta ce ta na'ura. Na yi godiya, domin an yi mani tarbiyya.

Sakatare ya jira har na aje waya, sannan ya ce a hankali, "Resebar, kafin farantin nan dai tana tafiya."

Na ce masa mutumin da anka yi wa alheri jiya ba ya tashi yau da irin wagga magana. Amma bai bar ta ba. Ranar Talata, da anka kira azahar rumfa ta watse, ya lallaɓa ya kashe farantin, ya gwada aikawa. Wannan karon na'urar ko zoben ba ta juya ba, ta ce babu hanya sam. Kafin ya gama mamaki sai ga Alhaji ya taho daga masallaci da sauri, babbar riga na jan ƙasa, waya a tafin hannu.

"Baba resebar, lafiya? Wayata ta ce mani farantin ya mutu."

Ashe abin har kai ƙara ya iya. Na dubi sakatare, sakatare ya dubi silin.

Na ce, "Hutu munka ba shi, Alhaji, saboda zafin rana."

"Haba Baba! Don hamada anka ƙera shi. Ku kunna, ku kunna, kada ku ji tsoron komai. In ya lalace wani zan aiko."

Munka kunna. Daga ranar Alhaji ya mai da bencin ƙofarmu wurin hirarsa, yana kawo baƙi su ga koren fitilar da ke ƙiftawa.

Laraba da hantsi Ardo ya zo. Ya jingine sandarsa, munka gaisa gaisuwa mai tsawo, na tambayi shanu, ya tambayi iyali. Sannan ya ce, "Resebar, rijiyar ta fara ba da laka. Samarinmu sun ce mu tashi tun shanun na iya tafiya. Na ce masu resebar ya yi magana." Bai tambaye ni ko jerin ya tafi ba, kuma da ya tambaya da ya fi mani sauƙi. Ya sha ruwa, ya ɗauki sandarsa.

Bayan fitarsa na yi abin da na kwana biyu ina kauce wa. Ina da taubashiya, ɗiyar autan kawunnena, mace mai kusan shekara hamsin, wadda ta fi shekara ashirin tana kula da irin waɗanga na'urori a wani kamfani a Yamai. Na san tana garin Bonkuku a makon, wajen mahaifiyarta. Na kuma san ba ta manta ba cewa ranar da za ta tafi karatun, ni na ce wa kawu ya tura ɗiyarsa koyon gyaran rediyo. Tsakanin ɗan mace da ɗiyar namiji ba a yafe irin wannan, ajiye shi akan yi.

Ta ɗauka a bugu na biyu. "A'a! Bawana ne da kansa? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, ɗiyar kawu. Wata ƴar matsala ce ta na'ura."

"Rediyonku ne ya lalace?"

Na haɗiye. Na ba ta labari daga farko, ban rage komai ba sai abin da ya shafe ni. Ta ce motar safe za ta biyo, in tanadi fura mai kyau, ba irin wadda nake ba baƙin kunya ba.

Ta iso Alhamis, rana ta riga ta ɗaga. Ta gai da Alhaji a benci da ladabi har ƙasa, ta yaba farantin, sannan ta shige ciki ta ja kujerar sakatare. Ta buɗe wani baƙin allo wanda ba hoto ko ɗaya a kansa, ta rubuta ƴan kalmomi. Layuka biyu na lambobi sunka fito.

Ta ce, "Matso, ɗan mace, in ga ko gidan waya ya bar maka wani abu a kai. Wannan na sama adireshin tsohuwar wayarku ne, ba ya canzawa. Na ƙasa na farantin ne. Duk saƙon da na'urar ga za ta fitar, sai ta rubuta a bayansa daga inda ya fito. Da, ƙofa ɗaya gare ta, ba ta da zaɓi. Yanzu an ce mata farantin ne gaba, don haka komai ta can yake fita, da adireshin can. Su kuwa mutanen Yamai suna da mai gadi a ƙofar na'urarsu, an ba shi adireshin kowane reshe. Wanda ya zo da adireshin da ba ya cikin littafi, ba a ce masa ma koma. Shiru akan yi masa."

Ban bukaci ta maimaita ba. Shekara talatin da ɗaya ina karɓar buhunan wasiƙu, kowane da darma a bakinsa da hatimin gidan da ya ɗaure shi. Buhun da ya zo da hatimin da ban sani ba, ko an rubuta sunan mahaifina a kansa, ba na yanke igiyarsa. Ashe kwana uku ke nan muna aika wa Yamai buhu da baƙon hatimi, muna kuma zagin su don sun yi abin da ni kaina na hori mutane a kan rashin yin sa.

Na ce, "To ai da sauƙi. A buga masa tsohon hatimin, ya bi ta farantin, kowa ya huta."

"Kai da kake resebar, in buhu ya zo da hatimin Filinge amma a motar garin Tawa ya sauko, karɓa kake yi?"

"Tsare shi nake yi, in kira direba."

"To masu farantin ma ba su ɗaukar saƙon da ba adireshinsu ne a kansa ba. Hatimi da hanya tare suke tafiya."

Sakatare ya ce ko a roƙi Yamai su rubuta sabon adireshin a littafinsu. Ta ce na farantin canzawa yake yi, yau wannan gobe wancan, kuma ko da ba ya canzawa, ya san ta wace hanya ake aika roƙon. Ya ce ya sani.

Ta juyo gare ni. "Abu ɗaya nake son ji. Mai haɗawa ba ya yanke wannan shi kaɗai, tambaya yakan yi. Wane mai hikima ne ya ce a sa farantin gaba?"

Sakatare ya sami wani aiki na gaggawa cikin aljihun teburinsa.

Na ce, "An yi abin da ladabi ya ce."

"An yi? Wa ke nan an?"

"Ɗiyar kawu, la'asar na matsowa."

Ta yi dariya har ta dafa tebur. Ta ce farantin zai zauna a gabansa yadda ladabi ke so, ba wanda zai taɓa shi, kokawa ma ba za ta tsaya ba. Za ta kafa wa na'urar doka ɗaya ce tak: duk abin da za shi uwar ƙungiya ya ɗauki tsohon adireshi ya fita ta tsohuwar ƙofa, saura duka su bi sama. Ta rubuta layi biyu, ba su kai tsawon adireshin da ake sa wa ambulan ba. Ta ce wa sakatare ya danna.

Na'urar ta ce babu hanya.

A nan fara'ar ta ɗauke daga fuskarta, domin an riga an kira azahar. Ta sake duba abin da ta rubuta, ta ce daidai yake. Ta bi wayar da ke bayan na'urar da hannu, ta bi ta, ta bi ta, har ta kai ga kabad ɗin dosiyoyi.

"Ina akwatin tsohuwar wayar?"

Na tashi da kaina, na cire hula na aje, na sa kafaɗa na ture kabad ɗin. Ga ɗan akwatin can a kwance cikin yanar gizo, ba fitila ko ɗaya a jikinsa. Ranar Lahadi da anka tura shi, igiyar wutarsa ta fizge daga bango, kuma tun ranar ba wanda ya neme shi, tunda an ce kada a gan shi. Na durƙusa, ni mai shekara saba'in da uku a lokacin, cikin rigar da na sa don zaman buro, na laluba na mayar da igiyar. Fitila ɗaya ta kama, ja. Munka jira. Ta koma kore.

Taubashiyata ta yi wa sakatare nuni da kai.

Sakatare ya danna. Zoben ya juya, sai wani ɗan layi ya fara tsawo daga hagu, a hankali, da irin tafiyar nan tata ta tsohuwa mai ciwon ƙafa. Munka yi sallar azahar a ɗakin da ɗai-ɗai, don kada a bar allon ba mai kallo, kamar kallon zai ƙara masa sauri. A rumfa ana ta ihu, wani ya kada wani. Taubashiyata kuwa ta sha furarta, ta ce ta ɗan yi tsami, sannan ta shigar da dokar inda ɗaukewar wuta ba za ta shafe ta ba. Ta sa na rubuta a takarda da hannuna cewa akwatin nan ba a kashe shi, ba a ɓoye shi, ko wa ya zo da kyauta. Na rubuta da irin rubutun da anka koya mana a lakwal, makarantar boko, na buga hatimin reshe, munka manna a bango.

Inuwar rumfa ta kusa kai bakin hanya lokacin da allon ya ce an karɓa. Sakatare ya yi wata ƙara da ban san yana da ita ba. Alhaji ya ji, ya shigo da baƙinsa biyu.

"Ya tafi? Alhamdu lillahi! Kun gani ko? Daga nan sai sama, daga sama sai Yamai. Da tsohuwar wayar nan ce, da sai baɗi."

Na ce, "Mun gani, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi."

Na faɗe ta da zuciya ɗaya kuwa, domin mutumin alheri ya nufa, kuma ba shi anka tambaya wace ƙofa ce gaba ba. Taubashiyata ta tsaya daidai gaban takardar da ke bango har sunka fita.

Ladanta ba ta nema a wurin ba. Sai da na raka ta tasha ta ce ita ba ta son komai, illa in gaya wa Ardo da bakina wanda ya kusa sa shanunsa tafiya arewa ba allura. Na ce wannan zalunci ne. Ta ce ai shi ya sa Allah ya yi ta ɗiyar namiji.

Kamiyon ya iso Asabar da hantsi. A bakin shingen da ake yi wa shanu allura na sami Ardo tsaye, yana kallon garkensa na shiga ɗaya bayan ɗaya, ƙasusuwan kwankwasonsu a waje. Na tsaya kusa da shi na ba shi labarin duka, da farantin, da tambayar, da amsar da na bayar, da kabad ɗin. Ya saurara bai katse ni ba, idonsa na kan shanun. Da na gama ya ce, "Ni dai Asabar ka ce mani, resebar. Yau kuwa Asabar." Ranar Litinin da asuba sunka tashi.

Farantin na nan har yau a kan rufi, akwatin kuma na bisa tebur inda kowa ke ganinsa, kuma na ji an ce masu zuwa kallon kokawa kan tambayi dalilin da ya sa ba a jefar da wancan tsohon abu ba. Wanda ke shakkar abin da na faɗa, sakataren na da rai, yana buron har yanzu. Ardon kan sauko dallol kowace kaka. Mai furar da ke ƙofarmu ta ga shigata bayan kabad ta taga, kuma na tabbata ba ta riƙe shi ita kaɗai ba. Taubashiyata kuwa ba sai an neme ta ba, ita ke fara ba da labarin a kowane taron suna, kuma a bakinta kabad ɗin ya fi haka nauyi.